Tsagar Ɗakin Inna

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, amma kafin in faɗa muku inda ya kai ni, gara ku san da abin da na kwanta. Sunana Lurwanu, tela ne ni. Na sayi gida a sabon rukunin da wani Alhaji Mamuda ya gina a bayan gari, kuma ɗaki guda a ciki na mahaifiyata ne. Inna tun rasuwar mahaifinmu take yawo a gidajen haya, yau a ce ta tashi ɗan mai gida zai yi aure, gobe a ce an sayar. Jiya da la'asar na je duba gidan, don yau ne ranar damƙa makulli. A ɗakin Inna na ga wani wuri a bango da fentinsa ya fi na sauran ɗanyantaka. Ni kuwa mutum ne da ko ƙosai aka ba ni kyauta sai na ɓare shi na leƙa ciki. Da wannan fentin na kwanta.

Sai ga ni tsaye a ƙofar gidan, sanye da babbar rigata ta Juma'a. Gidajen rukunin duk suna tsugune a layi, nawa ne na ƙarshe, kuma yana tari. Alhaji Mamuda yana gefe ya washe baki. Bakin nasa murmushi yake, idanun kuma suna wani aikin nasu daban.

"Barka da arziki, Malam Lurwanu," in ji shi. "Gida ya kammala. Bismillah."

"Alhaji, me ya sa yake tari?"

"Sabo ne. Bai saba da mutane ba."

Na tura ƙofa na shiga, sai na tarar da kaina a waje, daidai inda na taso. Na sake shiga, na sake fitowa. Alhaji ya ce ai da baya ake shiga, duk gidajen zamani haka suke. Na shiga da baya ina kallonsa, wanda dama hakan ya fi min, don ba irin mutumin da zan juya wa ƙeya ba ne.

A falo na danna makunnin fitila, sai fitilar maƙwabci ta kama. Maƙwabcin ya leƙo ta katanga ya ce ya gode. Na je buɗe taga, ashe zana ta aka yi da fenti, har da wani tsuntsu a kan reshe. Na murɗa famfo, famfo ya yi hamma ya koma barci. Da na ɗaga kai kuma, rabin rufin falon babu shi, ga sama nan tangaran.

"Alhaji, in damina ta zo fa?"

"Haba Malam, kamar baƙo? Ruwa a nan daga ƙasa yake tasowa. In ba a bar masa hanyar fita ba, ai sai ya taru a silin."

Gaskiyarsa kuwa. Ina tsaye wasu ɗigo suka tsattsafo daga tsakanin tayil, suka wuce ta gaban hancina suka yi sama. A ɓangaren da ke da rufi an rataye randa a kife, bakinta na kallon ƙasa, tana cika a hankali. Wannan duk bai dame ni ba, kowace ƙasa da irin ruwanta. Ɗakin Inna na zo gani.

A ɗakin Inna na tarar da ungulaye biyu suna yi wa bango fifita da fukafukansu. Da suka gan ni suka daina, suka shiga kallon silin kamar ba su san juna ba. Na sa farcen babban yatsa na kankare fentin. Tabɗi! Tsaga ce tun daga ƙasa har sama, hannu yana shiga har gwiwa. Ta yi miƙa, ta zubar da ɗan yashi, ta dube ni.

"Sannu da zuwa," in ji tsagar. "Kai ne babana?"

"A'a," na ce. "Ga babanki nan."

Kafin Alhaji ya juyo ta sulale ta ɓuya a bayan ƙofa. Ya dubi bangon, sumul. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Da ya ɗauke ido ta dawo wurinta, har da ƙarin reshe guda. Na cafko hannun rigarsa na juyo da shi ba shiri, muka kama ta a tsakiyar bango.

"Au, wannan?" in ji shi. "Ado ne. Wasu roƙo suke a sa musu."

"Ni ban roƙa ba. Mahaifiyata ce za ta kwana a nan."

"To bari a kira mai duba gini. Abin da ya ce shi ke nan."

Ya tafa hannu. Wani jan-gwada, ƙaton kadangare mai jan kai, ya fito sanye da hular kwano yana goge baki. Daga cikin tsagar ya fito, da idona na gani.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ginin nan lafiyarsa ƙalau?"

Ya gyaɗa kai.

"Zai faɗi?"

Ya gyaɗa kai.

"Kai a ina kake kwana?"

Wannan karon bai gyaɗa ba. Ya saci kallon Alhaji. Daga can cikin tsagar wata murya ta ce ya yi sauri abinci yana hucewa.

Sai ga ni a Ofishin Kare Haƙƙin Mai Saye.

Ofishin wata katanga ce da ba a gama ba, shugabar kuma tsohuwar akuya ce mai tabarau, tana kwance a can saman bulo. A ƙasa mutane sun yi layi, kowa da abin da ya kawo. Wata mata tana goye da yoyon rufi, yana ɗiga mata a wuya. Wani dattijo yana jan matakala da igiya, matakalar tana turjewa. Mutumin da ke gabana kuwa wata 'yar tsaga ce ke riƙe da gefen wandonsa, tana tsotson yatsa.

"Taka ce?" na tambaye shi.

"Tawa ce yanzu," in ji shi. "Surukina na ba shayi."

Ban gane ba, kuma ban yarda da shi ba, don haka na ƙyale shi har layi ya zo kaina. Na durƙusa na gaida shugaba, na zayyana mata komai. Ta saurare ni ido a lumshe.

"Dokar tana ciki," in ji ta. "Bari in tuƙo ta."

Ta yi gyatsa, wani dunƙule ya hau ta maƙogwaronta, ta shiga tuƙa. Ta daɗe tana tauna, sannan ta fara magana da baki cike.

"Duk aibin da ke jikin gida na wanda ya gina shi ne, muddin gidan bai yi maigida ba. Maigida kuwa shi ne wanda ya fara shayar da baƙo a ƙarƙashin rufin. In rana ta faɗi ba ka ba kowa ruwa ba, dole magini ya rushe ya sake da hannunsa. In ka bayar, ko da kurɓi guda ne, tsaga ta zama 'yarka. Kai za ka ci da ita, kai za ka aurar da ita."

"Ranki ya daɗe, rufin nawa rabi ne."

"Rabi ma rufi ne."

"Iyakar haƙƙina ke nan?"

Ta ƙara taunawa. "Akwai saura. Kana da haƙƙin yin fushi, amma a waje ake yi."

Da ta gyara kwanciya na hango fenti a kwiɓinta, ruwan ƙwai, ɗanye shar, irin na ɗakin Inna sak. Na ce ranki ya daɗe, wannan fa? Ta ce jingina ta yi. Na ce da wane bango? Ta haɗiye dokar ta ce an tashi daga aiki.

Na dawo gida na zauna daga cikin ƙofa, na naɗe ƙafa. Na ce a raina, wannan ai abu ne mai sauƙi. Ni da na yi shekaru ina ce wa masu ɗinki su dawo jibi, hana ruwa na wuni guda ne zai gagare ni? Alhaji Mamuda ya shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya tsallaken hanya, ya ajiye rediyo a gefe. Rediyon ba magana take ba, sauraro take. Ta juyo da eriyarta wajena.

Ba a jima ba aka yi sallama. Maƙwabcin nan ne da na kunna wa fitila, ya ce sunansa Hashimu, ya zo yi min barka da tarewa. Yana magana yana watsa ƙuli-ƙuli a baki, busasshe ƙamas. Ban ce masa ya zauna ba ya zauna. Can ya ƙware, ya shiga tari yana bugun ƙirji, idanu sun firfito.

"Maƙwabci, ɗan ruwa."

"Wallahi randar sabuwa ce, ba ta tsumu ba."

Ya dubi ɗigon da ke tashi a tsakaninmu, ya dube ni. Na dubi gwiwar hannunsa, ga fenti nan ruwan ƙwai. Na ce a rina. Ya tashi ya fita yana tari, yana cewa Allah ya ba mu zaman lafiya. Yana fita na ji iska a ƙwaurina. Babbar rigata ta ɗage har gwiwa. Na juya bakin rigar na duba, an kalmashe shi tsaf, ɗinkin ma ya fi nawa kyau, abin da ya ƙara ɓata min rai ke nan.

Daga nan sai suka ɓarke. Wata mata ta zo da jariri mai shaƙuwa, jaririn yana da gemu. Wasu 'yan ɗaurin aure suka ce sun ɓata hanya, ango ya suma, a taimaka da abin yayyafi, angon kuma yana leƙena da ido ɗaya. Wani namijin tarwaɗa ya zo da ƙafarsa, ya sha rawani, ya ce shi ba sha zai yi ba, shiga kawai zai yi ya fito. Kowannensu na zagaya shi na duba, kowanne da fentinsa, wani a kunne, wani a dunduniya. Na sallame su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya fita sai riga ta ƙara hawa. Kafin a jima ta koma 'yar shara.

Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, turo wasu! Ni da kai ne yau!"

Ya ɗaga min hannu da fara'a. Rediyon ta rubuta wani abu a cikin ranta, na ji ƙarar.

Sai wani tsoho ya zo da buta a hannu, ya yi sallama a hankali. Ya ce shi matafiyi ne, lokaci ya kama shi a hanya, ruwan alwala yake nema. Na zagaya shi. Na duba gwiwar hannu, na duba ƙeya, na ce ya ɗaga ƙafa na duba tafin. Babu fenti ko ɗis. Na ce a raina, lallai wannan ya fi su wayo, wanka ya yi kafin ya zo.

"Baba, ga ƙasa nan mai tsarki a waje. Ka yi taimama."

Ruwa yana tashi ta tsakanin yatsun ƙafarsa lokacin da na faɗi haka. Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya tafi. Bai bi ta wajen Alhaji ba, hanyar gabas ya miƙe har ya ɓace. Wannan ya tsaya min a rai, wallahi. Rigar ta hau har ƙirji, ta zama kamar abin tare dalalar jariri, ga cibiyata a waje.

Tsagar ta taso daga ɗaki ta zo ta zauna kusa da ni a bangon falo.

"Ba ni da ci da yawa," in ji ta. "Ɗan siminti duk damina."

"Koma wajen ubanki."

"Ya ce shi haihuwa kawai yake, ba ya reno."

"Girma kike fa. Ɗazu ba ki kai haka ba."

"Ƙuruciya ce," in ji ta, ta zubo min yashi a kafaɗa.

A nan ne na lura inuwar bishiyar Alhaji ba ta motsa ba tun da na zauna. Na leƙa ta ɓangaren da babu rufi. Rana tana tsakiyar ka, ƙyam. Na kare ido da hannu na duba da kyau, sai ga wata doguwar gwafa an tokare ta da ita, irin wadda mata ke ɗaga igiyar shanya, birkiloli huɗu suna riƙe da gindin suna hira.

"Alhaji! Wannan zalunci ne! Ku saki rana!"

"Gyara muke mata, Malam. Ta ɗan karkace."

Shugabar ofis ta zo wucewa a kan katanga tana cin ganye. Na kira ta na nuna mata. Ta ɗaga tabarau ta kalli gwafar, ta tuƙo doka, ta ɗan tauna.

"Ta ce in rana ta faɗi. Ba ta ce yaushe ba."

Ta yi tsalle ta dira wajen Alhaji.

To, na ce, a tokare ta har tashin duniya. Hannu ne zai gaji, ba ni ba. Na gyara zama, na ƙudurce a raina ko wane ne ya sake yin sallama, daga inda nake zan amsa masa.

Aka yi sallama. Muryar ta daki ƙirjina tun kafin in ɗaga kai.

Inna ce tsaye a bakin ƙofa, da tsohuwar adakarta ta ƙarfe a ka, takalmanta a hannu. Ƙafafunta sun yi futu-futu. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari, har sun daddare.

"Auta," in ji ta, don haka take kirana, "an ce gida ya samu."

Da a farke ne, da tuni na sauke mata kaya na kawo ruwa tun kafin gaisuwa. Amma ban motsa ba. Na zauna ina kallonta, ina kallon Alhaji a can gindin bishiya yana gyara wa rediyo eriya.

"Inna, wa ya nuna miki hanya?"

"Wani bawan Allah ne mai fara'a. Ya ce kada in hau mota, kusa ne. Tun hantsi nake tafiya."

Na ce shi ke nan, ya kai ga inda yake so. Na tashi na fito na zagaya ta kamar yadda na zagaya sauran. Ta riƙa juyowa tana bina da ido, adaka a ka.

"Me ya ba ki?"

"Wa?"

"Mai fara'ar. Me ya yi miki alkawari?"

"Auta, lafiyarka kuwa? Ina sauran rigarka?"

"Inna, ke ce kuwa? Ɗaga mayafin in ga gwiwar hannunki."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta sauke adakar da kanta, ta janye mayafin, ta miƙo min hannuwa biyu kamar wadda aka kama a kasuwa. Babu fenti. Tabon ƙunar man ƙosai ne kawai, jere tun daga wuyan hannu har gwiwa, na tuyar da ta yi ta ciyar da mu. Na san kowane ɗaya. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, tsagar ma ta matso ta ce ko ta taimaka.

Na durƙusa na gaya mata komai, dokar akuya da gwafa da bangon ɗakinta. Ta saurara tana lasar leɓe. Ba ta ce a ba ta ruwa ba, sau ɗaya kawai ta kalli randar ta kawar da kai.

"To ai ba komai," in ji ta. "Kada ka zubar da haƙƙinka saboda ni."

Ta ja adakar gefe, ta zauna a kai cikin rana, ta juya wa gidan baya.

"Inna, ki shigo inuwa mana. Shiga ba laifi ba ne, sha ne kawai."

"In na shiga zan ga randa. Bar ni a nan. Zaman ƙofar gidan mutane ai na iya shi."

"Gidanki ne, Inna."

"In ya zama, ka kira ni."

Wata dabara ta faɗo min. Doka ta ce a ƙarƙashin rufi, ba ta ce a waje ba. Na ruga na kifa moɗa a bakin randa, ta cika, na fito da baya a guje. Ina ƙetare dokin ƙofa ruwan ya tsere daga moɗar ya yi sama, yana sheƙi. Na sake, na toshe da tafin hannu, ya bi ta tsakanin yatsuna. Na guntsa a baki in kai mata, ya fita ta hanci. Daga tsallaken hanya Alhaji ya ce in yi a hankali kada in zame, tayil ɗin ba shi da garanti.

Na koma bakin ƙofa na tsaya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na kalli birkilolin, na ga ɗaya ya fara sauya hannu. Na ce saura kaɗan. Na ce Inna ta yi azumi a zafin bazara tana tuya a gaban wuta, wannan ba zai gagare ta ba. Na ce in na haƙura yanzu, bangon da za ta kwana a gindinsa har ƙarshen ranta lafiyayye ne. Duk gaskiya ne, kuma duk na faɗa wa kaina da babbar murya don kada in ji numfashinta.

Sai na ga ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

A hankali abin ya fara. Ta ɗaga daga kan adakar kamar taki guda, tana zaune yadda take, hannu a cinya. Ta bushe ta yi sakayau, ƙasar nan kuma duk abin da ba a riƙe ba sama yake yi. Ta kai tsayin taga. Ta kai kan katanga. Ba ta yi ihu ba, ta dai leƙo ƙasa.

"Auta, ka kula min da adakar. Kwanukana na ciki."

Na yi tsalle na cafko bakin zanenta. Ba ta fi nauyin yadi biyar ba. Na jawo ta, na rungume ta, na shiga da ita da baya, na zaunar da ita ƙarƙashin randa ina danne kafaɗarta da hannu ɗaya. Na kifa moɗa na cika na kafa mata a baki. Ta sha, ta sha, ina jin nauyinta yana dawowa a hannuna. Da ta sauke numfashi ta ce alhamdulillahi, Allah ya yi maka albarka.

A waje aka rangaɗa guɗa. Birkiloli suka zare gwafa, rana ta faɗo bayan gidaje kamar an yar da faranti. Alhaji Mamuda ya leƙo ta ƙofa da duka haƙoransa.

"Barka da arziki, maigida."

"Alhaji, Allah yana gani."

"Sosai ma kuwa. In da wata matsala, ka neme mu."

"A ina?"

"A inda muke."

Ya koma kan dardumarsa ya kwanta, ya naɗe ta da shi a ciki, rediyon ta saɓa shi a kafaɗa ta tafi. Jan-gwada ya leƙo daga bango ya cire hular kwano, ya ce shi da iyalinsa suna gaida maigida, kuma famfonsu ba ya kawo ruwa. Tsagar ta rarrafo ta nannaɗe min ƙafa.

"Baba," in ji ta.



Inna ta ce in nuna mata ɗakinta. Na kai ta. Tsagar ta riga mu komawa, ta buɗe har ana hango masu wucewa a titi. Inna ta tsaya tana kallonta sama da ƙasa.

"Wannan wa za mu gaya wa ya gyara?"

"Ba kowa, Inna. Tamu ce."

"Tamu," in ji ta, kamar tana ɗanɗana kalmar. Ta shafa bangon da tafin hannu. "Ba mai zuwa ya ce mu tashi?"

"Babu."

Ta shimfiɗa tabarmarta daidai gindin tsagar. Ta buɗe adaka ta fara fito da kwanukanta na sha da na miya, tana jera su a jikin bangon, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Yashi yana zubo mata a ɗankwali, tana kakkaɓewa ba tare da ta ɗaga kai ba. Na ga bangon ya fara sunkuyowa a hankali, kamar mai son jin abin da take rerawa. Na buɗe baki in ce Inna taso daga nan, murya ta ƙi fita. Na yunƙura in kama ta, tsagar ta riƙe min ƙafa tana cewa Baba, Baba. Kwanukan suka fara rawa suna bugun juna, kwaram, kwaram.

Na farka ƙarar ba ta daina ba. Gari ya waye, ina kwance a ɗakinmu na haya, gumi ya jiƙe matashi. Ƙarar daga tsakar gida take. Inna ce take jera kwanukanta ɗaya cikin ɗaya tana ɗaurewa a zane, kuma daga yadda suke amsawa na san ta kusa gamawa.

Ina nan kwance ina harhaɗa kalmomin da zan fita in gaya mata, cewa yau ba zan karɓi makullin nan ba sai an kankare bangon a gabana, ta kwance kayanta ta ƙara haƙuri. Na samu kalmar farko ke nan sai na ji matata Zulai tana tambaya ko ta tashe ni, rana ta yi.

"Ƙyale shi ya huta," in ji Inna, tana ƙulle bakin zanen. "Yau fa maigida ne."